Gwangwanin da Mama Ta Binne

Ranar Asabar ce a tsakiyar watan Agusta, ƙarfe goma saura kwata na safe. Mu huɗu ne a tsakar gidan, a ƙauyensu da ke wajen Kafanchan: ni, da abokina wanda nake kira Ticha, da matarsa, da mahaifiyarsa. Ruwa ya ɗauke tun da asuba. Ticha na zaune a kan benci da hular ulu a kansa, ta rufe ɗinkin da aka yi masa makonni biyar da suka wuce.

Tun muna firamare na san gidan nan. Mahaifina goro yake sayarwa a kasuwar Kafanchan, ita kuma mahaifiyar Ticha, wadda kowa ke kira Mama, a rumfarmu take sauke cittarta da accarta ranar kasuwa. Da makaranta ta yi wa ɗanta nisa sai ta kawo shi gidanmu, muna kwana ɗaki ɗaya. Idan an yi hutu kuma a tura ni ƙauye. Zamanin nan ba mai agogo a cikinmu, kukan jirgin ƙasa ne ke gaya mana mun makara. Mama ta ware mini tukunya da kwano tun zuwana na farko ba tare da wani ya roƙe ta ba, kuma a wannan Asabar ɗin ma a kwanon nan aka zuba mini paten acca. Ticha ya zama malamin lissafi a sakandare. Ni na shiga gidan rediyo, na shafe shekaru ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa. Shi ya sa yake kirana Mai Labarai.

A cikin aji ya fara faɗuwa, yana jijjiga a gaban ɗalibansa. Da abin ya sake faruwa aka ɗauki hoton kansa, aka ga ƙari a sashen gaba na ƙwaƙwalwa. An yi masa tiyata a wani babban asibiti, an cire abin da za a iya cirewa. Ina wurin ranar da likita ya yi bayani, domin matar Ticha ta ce in zo in saurara da kunnen aiki.

Likitan ya ce ƙarin ba irin wanda aka saba gani ba ne, kuma kallonsa da madubin ƙara girma bai isa a tabbatar da ko wane iri ba ne. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, biyu-biyu har kashi ashirin da uku, kowane da lambarsa, kowane kuma da hannu biyu, gajere da dogo. A wani nau'in ƙarin, ƙwayoyinsa kan rasa gajeren hannun na ɗaya da dogon hannun na goma sha tara a tare. Idan an samu haka, haɗe da wani sauyi da shi ma za a duba, ƙarin yakan yi girma a hankali, yakan ji magani da gashin da ake yi wa ƙari da na'ura, masu shi kuma sukan yi shekaru masu yawa. Idan ba a samu ba, lissafin daban ne, maganin ma daban. Ba a yin gwajin a asibitinsu. Sai suka miƙa wa matar Ticha ɗan abin da aka cire, an daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, girmansa bai kai kwalin ashana ba, suka ce a kai wani ɗakin gwaji a Abuja idan maras lafiya ya ɗan murmure.

Ticha ya riga ya rubuta takardar ajiye aiki saboda rashin lafiya. Tana cikin aljihunsa, bai sa hannu ba. Ya ce mini idan watanni ne suka rage masa, gara ya miƙa ta a samo wa 'yan ajin ƙarshe wani malami tun jarrabawa ba ta matso ba. Idan kuwa shekaru ne, zai koma ya ƙarasa da su. Sakamakon gwajin yake jira.

Abin da ya kawo ni ƙauyen ke nan, in karɓi kakin in wuce da shi Abuja ranar Litinin. Matarsa ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da jakarta a buɗe, ta zazzage ta a kan tabarma. Katin asibiti, makullai, littafin waƙoƙi. Ba kaki.

Mama tana tsince tsakuwa a cikin acca, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Idan wannan abu ne kuna nema, na binne shi."

"Kin yi me, Mama?" in ji matar Ticha.

"Na binne shi, na ce. Yau sati biyu. Nama na mutum ne zai zauna cikin jaka tare da makulli? Yana can kusa da baban shi."

Ni dai ban ga laifinta ba, don a gidanmu ma da aka yanke wa wani kawuna yatsa, binne shi aka yi. Abin da ya fita daga jikin mutum ƙasa ake mayar wa. Ta yi abin da ta san ana yi, kuma a cikinmu ba wanda ya zauna ya gaya mata amfanin kakin.

"Mama, gwaji za a yi da shi," in ji Ticha.

"Ba su gama gwaji ba da suka buɗe maka kai kamar kwakwa? Ranar tashin matattu kuma fa? Kowa ya tashi cikakke, kai kana tambayar hanyar Abuja?"

"Wannan abin ba na so ya tashi tare da ni, Mama. Ya yi zamansa a Abuja."

Matarsa ta yi dariya ba ta shirya ba, sannan ta share ido da gefen zane. Ticha ya juyo wurina. "Mai Labarai, karanta mata. Kai take ji. Ni har yanzu ɗan shekara bakwai ne a wurinta."

Na matsa kusa da ita, na fara da misali, kamar yadda muke yi a shirin manoma. Na ce mata citta iri biyu ce, tafin giwa da yatsun biri, kuma sai an tona ake sanin wacce ce a ƙasa.

"Wa ya gaya maka?" ta ce. "Ni daga ganye ina sani. Ɗan mai goro zai koya mini citta!"

Sai na bar misali. Na gaya mata abin da likita ya faɗa, a jere, kamar ina gaban makirfo. Na ce akwai zarurruka, akwai lambobi biyu da za a duba, kuma abin da aka gani shi zai nuna maganin da za a ba shi da irin tsawon lokacin da za a sa rai. Ta ajiye faifan, ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta yi mini tambaya uku.

Ta ce zaren nan da ya guntule, daga wurinta ya samo ko daga babansa? Na ce ba daga kowa ba. A cikin ƙarin kaɗai abin yake faruwa, ba a gadonsa, jikokinta ma ba su ɗauka ba. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ina jin wannan tambayar ta daɗe tana damunta.

Ta ce idan an yi gwajin zai warke? Matar Ticha ta taka mini ƙafa a hankali. Na gane abin da take so. Kalma ɗaya ce, da na faɗe ta da Mama ta miƙe ta ɗauko fartanya. Amma a wurin aiki an koya mana kada mu karanta abin da ba a tabbatar ba, kuma Mama ta ciyar da ni hutu bayan hutu. Na ce gwaji ba magani ba ne. Yana iya kawo labari mai daɗi, yana iya kawo akasin haka, ni kuma ban san wanne ba.

Ta ce to naman zai dawo yadda ya tafi? Na ce a'a. Za su yanki wasu siraran ɓarɓashi, waɗannan ba za su dawo ba. Ragowar zan roƙa a ba ni.

"Ka gani?" ta ce wa ɗanta. "Ba warkewa, ba nama. Me ya rage?"

Ticha ya cire hular. Ban taɓa ganin ɗinkin a fili ba sai ranar. Ya ciro takardar daga aljihunsa ya ɗora a kan gwiwa.

"Mama, yara arba'in da wani abu suna jirana. Ko in koma musu, ko in sallame su ga wani. Ba zan iya zama a bencin nan ina ƙirga kaji ba, ban san ko wanne zan yi ba. Ke ma ba kya shuka sai kin san watan da ake ciki."

Ta dube shi, ta dubi takardar da ba ta iya karantawa. Ta ce wani abu da yarensu wanda ban kama duka ba, ya amsa mata gajere. Daga nan ta miƙe da kanta, ta ƙi hannun da matarsa ta miƙa mata, ta ɗauki ƙaramar fartanya a jikin rumbu.

Kabarin mahaifinsa yana bayan gida, a ƙarƙashin ɗorawa. Ƙasar a jiƙe take, ja, mai sanyi. Ta hana ni tonawa. Ba ta yi nisa ba fartanyar ta bugi ƙarfe. Gwangwanin madarar gari ne, ta rufe bakinsa da leda ta ɗaure da tsumma. A ciki akwai farin ƙyalle, a cikin ƙyallen kuma kakin, lambar asibiti na nan a jikinsa, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Ta sunkuyar da kai ta yi addu'a cikin sunan Yesu, na tsaya a gefe har ta ce amin.

"Kai za ka kai shi da hannunka," ta ce. "Ba direba ba. Kada ka sa shi a but ɗin mota tare da doya. Kuma abin da ya rage ka kawo mini."

Na ce na ji.

Na bi ta Kagarko ranar Litinin, gwangwanin a kan cinyata. A ɗakin gwajin na gaya wa matar da ta karɓa inda kakin ya yi sati biyu, don ya kamata su sani. Ta juya shi a hannu, ta ce inuwa da sanyi sun taimaka, za su gwada. Sakamakon ya ɗauki kusan wata guda. Ni na karanta musu shi a tsakar gidan nan, bayan likita ya tabbatar mini ta waya cewa na fahimce shi daidai: hannun na ɗaya babu, hannun na goma sha tara babu, ɗaya sauyin ma an same shi. Na ƙara da abin da likitan ya nanata, cewa wannan ba warkewa ba ce, akwai gashi da magani a gaba, kuma ƙarin yana iya dawowa. Mama ta karɓi ragowar kakin ta zagaya bayan gida ita kaɗai.

Ticha bai sa hannu a takardar ba. Ya koma aji a zango na biyu, yana zuwa kwana uku a mako saboda magani, ya kai ɗaliban nan har jarrabawa. Ya koyar shekara bakwai bayan haka, ya yi ritaya a lokacinsa. Har yanzu ana ɗaukar hoton kansa sau biyu a shekara.