Idon Hagu na Hamidou Mai Duba Rago

A unguwar Mahjar ta Jidda, idan matarka ta sauka lafiya, kafin ka kira dangi na gida sai ka kira Hamidou. Ba mahauci ba ne, ba dillali ba. Abin da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, ta sani shi ne gadi a wani sito na kayan gini. Amma shekara talatin da ɗoriya tun zuwansa Jidda daga Tawa, babu Bahaushen unguwar da ke sayen ragon suna ko na layya sai ya ɗauke shi a mota zuwa kasuwar tumaki ta kudancin gari ya duba masa.

Yakan durƙusa gaban rago kamar mai gaida suruki. Ya buɗe baki ya ga haƙora, ya murza kunne, ya ƙwanƙwasa ƙaho, ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Ido ne na ƙarshe. Daga nan sai ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce a'a. 'Yan Sudan masu tumaki har sun sa masa suna Abu La, wato uban a'a.

In ka tambaye shi zai ce tsoron Allah ne, don ba a kai wa Ubangiji abin da aka raina. Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Matarsa Rakia, wadda ta san shi tun ba shi da gemu, cewa take mutumin da ya wuni yana ce wa kafili, ubangidan da ke riƙe da takardunsa, "to, to" dole ya nemi wurin da zai ce a'a a saurare shi.

'Yar autarsu Munira a Jidda aka haife ta, Hausarta ma da ƙamshin Larabci a ciki. Tana wani karatu ta waya kan tarihin addinai, kuma bana suka zo kan dokokin hadaya na Bani Isra'ila na da, zamanin da suke da babban ɗakin ibada a Ƙudus. Bayan la'asar, in an kawo shayi, takan karanta da Larabci ta juya wa uban da Hausa. Dabbar hadayarsu ba makauniya, ba karyayya, ba mai ƙazwa. Ba sa yanka uwa da ɗanta rana ɗaya. Kowace hadaya sai an barbaɗa mata gishiri. Talakan da ba shi da halin tunkiya ya kawo tantabaru biyu.

Hamidou yana ji yana gyaɗa kai kamar malamin da ke karɓar hadda. Wuri ɗaya ya yi gardama: da ya ji ba sa karɓar dandaƙaƙƙen rago, sai ya ce a nan sun yi asarar nama mai daɗi. Amma ranar da Munira ta gaya masa cewa a wancan ɗakin ibada akwai mutanen da aikinsu kawai duba aibin dabba, kusan ya ƙware da shayi. Sau uku ya sa ta maimaita. Duk baƙon da ya shigo gidan a satin nan sai da ya ji cewa sana'ar Hamidou ta girmi Jidda.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara rufe masa idon hagu, shekara guda ke nan da wani abu. Da farko kamar hayaƙi, yanzu kamar an liƙa farar takarda. Ya koyi karkatar da kai in zai dubi mutum, ya koyi riƙe kofi kafin ya zuba shayi. A kasuwa kuma a'arsa ta ƙaru, don wanda ya ƙi rago ba a taɓa kama shi da kuskure.

Ana nan sai Khalil, wani matashi ɗan Cadi da ya taso a hannunsu kafin ya koma unguwar Safa, ya samu ɗansa na fari. Suka je kasuwa ranar Laraba, suna kuma Asabar. Raguna goma sha ɗaya Hamidou ya ƙi. Na sha biyu fari ne ɗan Sudan, dogo, haƙora lafiya, tafiya kamar ango. Rana ta yi zafi, Khalil ya fara duba agogo. Hamidou ya leƙa idanun ragon, ya ga abin da ya iya gani, ya ce wannan ya yi. Da yake Khalil a gidan bene yake, ba wurin ɗaure dabba, a tsakar gidan Hamidou aka ɗaure shi.

Rakia ce ke ba shi ciyawa. Da hantsin Juma'a ta kira mijin.

"Malam, wannan ragon danginku ne?"

Ya ce wace irin magana ce wannan. Ita kuwa ta ɗebi ciyawa. Ta tsaya ta hagun ragon ta kaɗa ciyawa dab da fuskarsa, ko gezau. Ta zagayo ta dama, ya miƙo wuya. Da ta koma hagu ta yi masa magana, sai ragon ya karkato kai gaba ɗaya don ya gan ta. Hamidou ma a daidai lokacin ya karkato nasa.

Ya durƙusa ya sa idon dama dab da na ragon. Fari fat. Mai ido ɗaya ba ya layya, ba ya suna, wannan ko ɗan makarantar allo ya sani.

Ya daɗe a durƙushe yana lissafin da bai so ba. Gobe wuƙa za ta hau. Kai kuma Rakia ce za ta babbake shi. Babu mai sake duba abin da Hamidou ya duba. Ya shekara talatin yana koya musu kada su duba. In ya yi shiru sunansa ya tsira, jaririn kuma an yanka masa abin da bai cika ba.

Munira na bakin ƙofa da wayarta. Ba tare da ya juyo ba ya ce mata ya lura akwai wurin da take tsallakewa kullum in tana karatun nan. Ta ce e, akwai. A dokarsu ba dabba kaɗai ake dubawa ba, har limamin da ke miƙa ta. In yana da aibi a jiki, ko a ido, ba ya matsawa wurin hadaya.

"Korarsa ake yi?"

"La, Baba. Rabonsa na nama yana nan, yana ci da 'yan'uwansa. Wasu ma akan ba su aikin duba itacen wuta, su cire mai tsutsa."

"Da wane idon?" in ji Hamidou.

Rakia ta rufe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya ce wannan dokarsu ce, ba tamu ba, kada a kawo masa ita cikin gida. Amma ya miƙa hannu a ba shi waya ya kira Khalil. Tsoron Allah ne ya sa, babu shakka. Sai dai wanda ya san shi zai ƙara da cewa Hamidou ba zai iya jure a ce rago mai aibi ya ratsa Mahjar ba wanda ya tanka masa ba, ko da mai laifin shi ne.

Khalil ya iso bayan an sauko daga masallaci. Hamidou ya ba shi ciyawa ya ce ya tsaya ta hagun ragon ya kaɗa. Khalil ya kaɗa, ya gane, fuskarsa ta canza.

"To yanzu tsaya ta haguna ka kaɗa."

Khalil ya dubi ciyawar hannunsa, ya dubi dattijon, ya rasa inda zai ajiye ta. Can ya ce, "Halas, shi ke nan, Kawu. Yalla, mu je, kasuwa ba ta tashi ba."

Mai tumakin ya karɓi ragonsa ya ba su wani ba gardama, amma sai da ya kira maƙwabtansa uku su ga wanda ya dawo da abin da shi da kansa ya zaɓa. Hamidou ya bar su suka yi dariyarsu ta ishe su. Ya durƙusa gaban sabon ragon, ya yi haƙora, ya yi kunne da ƙaho da ƙafafu, duk da hannu. Da aka zo kan ido sai ya matsa gefe ya ce Khalil ya sunkuyo. Khalil ya ce shi bai san me ake nema ba. Hamidou ya kama masa haɓar ragon, ya juya ta wajen rana, ya gaya masa abin da zai duba.

An yi suna ranar Asabar, kafin a gama rabon nama labari ya zaga Mahjar ya kai unguwar Madain Fahd. Sati biyu babu wanda ya kira shi, ya ce wa Rakia ai dama ba lokacin haihuwa ba ne. A na uku Muntaka direba ya buga waya, matarsa ta sauka. Bayan barka da addu'a ya yi ta kame-kame, sannan ya tambaya ko shi Muntakan ya taho da tabaraunsa, tunda shi zai duba idon ragon.

Hamidou ya ce ya taho da shi, ya kuma goge shi da kyau.