Tafkin da ke Saman Gajimare

A gidanmu na unguwar Nima a Akra, kurfoti, murhun gawayi, shi ne wutar tatsuniya. Kakata Tabawa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, bayan magariba kuma takan zauna tsakar gida tana tace gasarar gobe, mu jikoki da 'ya'yan 'yan haya mu kewaye garwashi. Aure ne ya kawo ta Akra daga wani ƙauye bayan Dogon Dutsi, ta baro ƙanwarta Kande can, ba su sake sa juna a ido ba. Hausarta tsaf take, tamu kuwa ta Zango ce. In muka ce "Kaka ya zo," sai ta shafa haɓa ta ce, "Yaushe na yi gemu?"

Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai a watan takwas, lokacin da ruwan Akra ya ɗauke, damina ta koma arewa. "Ga ta nan, ku tara hannu," in ji ta. Mu ce, "Mun tara!"

Wai can sama da gajimare akwai wani tafki, ba na ruwa ba, na iska, kwance lumui. Wasu 'yan'uwa mata biyu aure ya raba, ɗaya kudu, ɗaya arewa. Hadari kuwa baƙonsu ne su duka, in ya gama wa ta kudu aiki sai ya wuce wajen ta arewa. Rannan ta kudu ta riƙe masa riga ta ce, in ka isa ka sanar da ni, in san 'yar'uwata za ta ci tuwo bana. Ya ce muryarsa ba ta kai nan. "Amma ni dogo ne. Duk inda na miƙe tsaye, kaina sai ya bugi gindin tafkin, ya yi ta kaɗawa har saman gidanki. In kin ga gajimare ya jeru layi-layi kamar kunyar gona, to na isa."

Mu dariya muke yi, mu nemi ta Gizo. Ba mu lura ba cewa ita duk la'asar a wannan wata sai ta fita bayan gida ta ɗaga kai wajen arewa. In ta ga layukan, ranar har ƙosai kyauta muke samu.

Wata shekara cikin shekarun 1980 idonta ya yi yana, sai ta sa ni in hau katanga in duba mata. Kullum in sauko in ce, "Kaka, babu." Har watan ya ƙare sama wayam. Ta daina tatsuniya, ta daina tsokanarmu, ni kuma na tsani katangar nan kamar ita ta hana ruwa. Da safe rannan ta sa aka ɗinke buhun masarar kokonta, jarin nata ke nan kaf, aka kai wa Baba Seidu, direban motar albasa mai zuwa ƙasarsu. Babana ya yi faɗa, ya ce wa ke rufe sana'a saboda gajimare? Ta ce, "Kande ba ta ga ruwa ba."

Teburinta ya daɗe a kife kafin Baba Seidu ya dawo. Ya tsuguna gaban kurfoti ya ce, "Mma, gari ya watse, gero bai fita ba sam. Amma 'yar'uwanka yana nan. Ya ce in gaya maka, ya ga layinka tun watan huɗu, ya san ka samu ruwa, shi ya sa bai bi mutane ba. Na same shi yana jiran buhu."

Kaka ta rufe fuska da mayafi. Ashe tatsuniyar ta uwarsu ce, ta yi musu ita su biyu kafin a raba su.

Yau ina koyar da kimiyya a wata sakandare, kuma na karanta cewa tafkin nan yana nan. Hadari kan tunkuɗa iska sama, nauyi ya dawo da ita, kaɗawar ta yi ta hawa har can inda gajimare ba ya kai, ta fi ƙarfi inda damina take, ta bi ta kudu da arewa. Na kuma san layukan da Kaka ke gani da wuya su taso daga Dogon Dutsi, ƙila aikin hadarin kusa ne ko duwatsun Aburi da ke bayan Akra. Wannan bai rage ta a idona ba. Mata biyu da ba su da wasiƙa, ba su da waya, sun yi shekara da shekaru kowace tana duban sama saboda cikin ɗayar, kuma ranar da abin ya zo babu wadda ta saɓa.

Dukansu sun rasu. Ba ni da kowa a ƙauyen yanzu, ko sunan direba ɗaya ban sani ba. Amma in watan takwas ya kama, ina cikin shanya a gidana na unguwar Maamobi, sai in tsinci kaina na juya arewa ina dubawa. In na ga sama wayam, abinci ba ya yi mini daɗi ranar.