Ranar da Muka Tura Babarbare Gaban Alhaji Buba

Cikin shekarun da na yi ina shugabancin ƙungiyar ma'aikata a kamfanin matsar man gyaɗa da ke kan hanyar Roni, akwai wata Talata da har gobe ba za ta fita raina ba. Ku da kuka karɓi ƙungiya yanzu, ku kasa kunne, don wannan ba ya cikin kundin tsarinmu.

Bayan kaka ne, gyaɗa ta cika sito, inji ba ya hutawa. Bel ɗin babban inji ya kama hannun Malam Sale, wani dattijo mutumin Gwiwa, ya tafi da yatsunsa biyu. Ya gama jinya ya dawo, sai ya tarar da takardar sallama tana jiransa. Mutum mai 'ya'ya bakwai, ba gona, ba wata sana'a.

Tsarinmu sananne ne. A kira taro, a rubuta buƙatu, a zaɓi wakilai uku su zauna da manaja. In an daidaita kowa ya sa hannu, in an kasa a ba da wa'adin yajin aiki. Buƙatunmu biyu ne kacal: a mayar da Malam Sale bakin sikeli inda ake awon buhu, a kuma yi wa bel ɗin nan murfi.

Matsalar ita ce manajan. Alhaji Buba Bafulatani ne, sa'an mahaifina, shi ya ma raɗa wa ɗana na fari suna. Sau biyu muna zuwa. A waje mu yi ta cika baki, da mun isa ƙofa sai mu cire takalma, mu durƙusa. Ya tambayi ciwon ƙafar mahaifina, ya sa a kawo shayi, ya ce, "Yarana, ai duk abin nan na gida ne." Mu kuma mu ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Mu fito da takardar buƙatu a aljihu ko warware ta ba mu yi ba. A karo na biyu har godiya muka yi masa, kuma har yau ban san godiyar mece ce ba.

A taro aka yi mana tas. Wata mai tsintar gyaɗa, Iya Talle, ta ce, "Shugaba, shayi muka aike ku sha?" Kunya ta kama ni ƙwarai, don ga Malam Sale zaune ya ɓoye hannunsa cikin riga. Ita ce kuma ta kawo shawara: a sa Modu cikin wakilai. Modu ɗan dako ne, ko sunansa bai iya rubutawa, amma Babarbare ne. Kun dai san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani: kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma ba a fushi.

Ranar Talata muka koma, har da Malam Sale. Ni na cire takalmi kamar kullum. Modu kuwa da silifas ɗinsa ya shige, ya ja kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kai Fillo, ka ga ubangidanka ba ka tashi ba?"

Alhaji ya kwashe da dariya. "Wa ya kwance mini wannan bawan? A kawo masa shayi."

"Riƙe shayinka, na san rowar Fulani, ruwan zafi ne zalla. Shugaba, karanta masa."

Na warware takarda na karanta. Alhaji ya fara, "Ai duk abin nan na gida..." Modu ya tare shi. Ya kamo hannun Malam Sale ya ɗora kan tebur.

"Na gida ko? Da saniyarka ce ta karye a bakin aikinka, wallahi a ɗakinka za ka kwantar da ita, kai ka kwana waje. To wannan mutum ne."

Dariya ta ɗauke. Alhaji ya daɗe yana duban hannun nan, ashe bai taɓa ganinsa ba, takarda kawai aka kawo masa ya sa hannu. Can ya ce, "Miƙo biro." Ya amince da duka biyun, sannan ya dube ni. "Kai kuma, sau biyu kana zuwa da wannan a aljihu?" Na sunkuyar da kai.

Abin da na koya shi ne, ladabi abu ne mai kyau, amma in jama'a suka aike ka, bakinka ba naka ba ne, nasu ne. Shugabannin ma sau da yawa ba mugunta ce ke damunsu ba, rashin mai faɗa musu ne.

Da aka zo sa hannun shaidu, Modu ya ce shi sarki ne, ba ya rubutu gaban bayi. Malam Sale ne ya matso, ya dangwala tawada da babban yatsan da injin ya bar masa.