Gidan Abokin Yaya

Babanmu yana da magana ɗaya da kowa ya san shi da ita a ƙauyenmu, can tsakanin Kura da Bunkure. Cewa yake tun da aka ɗaura masa aure da Inna bai taɓa sa abincin sayarwa a bakinsa ba. Ba ƙosan talla, ba shinkafar tasha, ba tuwon kasuwa. In zai shiga Kano ko zai fitar da tumatir bakin titi, Inna za ta dama masa fura ta ɗura a gora, ya rataya ya tafi. In ta ƙare, ya haƙura da yunwarsa har ya dawo gida. A wurinsa, magidancin da aka gani zaune a rumfar mai tuwo, ko dai matarsa ta yi yaji ko ba ta iya girki ba, kuma ko wanne ne ya tona mata asiri a bainar jama'a. Ba shi da mota, bai je Makka ba, gonarsa ta bakin kanal ɗin ban-ruwa ba ta fi ta kowa ba. Wannan maganar ita ce abin taƙamarsa, rabinta kuma na Inna ne. In ya faɗe ta a tsakar gida sai ta yi kamar ba ta ji ba, amma ranar miya sai ta sha man shanu.

Yayanmu, babban ɗansa, shi ne wanda gwamnati ta tura Ingila ya ƙaro ilimi kan aikin ruwa. Ya dawo a shekarun nan da aka matsa wa kowa da noman alkama, aka ba shi ofis da gida da mota a Kano. Ba zan ce ba ya son Baba ba, yana sonsa ƙwarai. Sai dai ya dawo da ciwon "a can". A can ba a zama a ƙasa, a can ba a shan shayi da sukari da yawa, a can ba a yin kaza. Ni da nake gida ina shiga taɓo da Baba muna ba alkama ruwa, in na ji "a can" ɗin nan sai in ji kamar in tura shi kanal da kwat ɗinsa.

Wata Asabar bayan mun gama casar alkama Yaya ya zo da hantsi, ya ce wani abokinsa da suka yi karatu tare ya gayyaci Baba cin abincin rana a gidansa da ke unguwar Nasarawa. Baba ya ji daɗi sosai. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ce in tsinko tumatir masu kyau in cika kwando, in haɗa da albasa, don ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana. Inna kuma ta ƙulla daddawarta a tsumma mai tsabta, ta miƙa wa Baba.

"Malam, ka ba uwargidansa. Ka ce ina gaishe ta."

Na ga Yaya ya kalli ƙullin ya kau da kai. Gorar fura kuwa ranar ba a ɗauka ba, tunda gidan mutane za a je.

Tun daga bakin ƙofa na gane. Ga allo an rubuta sunan wurin da Turanci, a ƙarƙashi an ce abincin Ingila na zamani. Baba ajami yake karantawa, allon bai ce masa komai ba. Na buɗe baki ke nan Yaya ya taka min ƙafa, ya watso min wata harara. Ƙani ba ya tsinka yayansa a gaban ubansu, sai na haɗiye maganar.

Baba ya yi sallama, ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin ƙofa. Abokin Yaya ya fito da sauri. Abokinsa ne da gaske, wurin ma nasa ne, kuma a bayyane yake an riga an shirya da shi. Ya rusuna ya gaida Baba, ya karɓi kwando da ƙullin daddawa yana ta godiya, ya miƙa su ga wani mai farar riga.

"Ina mutanen gida? Yara suna lafiya?" in ji Baba.

"Lafiya ƙalau, Baba."

Wurin nan, kai! Rana tsaka ana zafi kamar me, sun saki labule sun toshe hasken Allah, sannan sun kunna kyandir a kan kowane tebur. Mu da muke addu'ar a kawo mana lantarki mu rabu da aci-bal-bal, ga waɗanda suke da shi sun koma kyandir don gayu. A jikin bango hotunan tumaki ne a wani fili mai hazo. Mutane na zaune bibbiyu, suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo gaisuwar mutuwa. Babu wanda ya amsa sallamar Baba, babu wanda ya ce masa bismilla.

"Waɗannan fa?" Baba ya tambaya.

"Baƙinsa ne, Baba," in ji Yaya. "Mutum ne mai jama'a."

"Kullum haka?"

"Kullum."

Baba ya girgiza kai yana mamaki. "Masha Allahu. Allah ya ƙara buɗi. Ka riƙe abokin nan naka da kyau, irinsu sun yi ƙaranci."

Yaya ya yi maza ya karɓe takardar da ake zaɓar abinci kafin ta iso hannun kowa, ya yi wa mai farar riga magana da Turanci ta hanci. Gaban kowannenmu an jera cokula da wuƙaƙe kamar za a yi wa wani aiki a asibiti, ga wani ƙyalle an naɗe shi ya tsaya kamar hula. Baba ya ture su gefe a hankali, ya nemi ruwan wanke hannu.

Abu na farko da aka kawo miya ce. Miya kawai, tsararo, fara sol, babu yaji, babu daddawa, gishirin ma sai ka yi bincike. Baba ya zauna yana jiran tuwo. Da ya ga shiru, Yaya kuma ya fara sha da cokali yana lumshe ido, sai shi ma ya ɗaga kwanon ya shanye. Ya ce wataƙila tuwon bai gama sulala ba.

Sai babban abincin. Faranti ne faffaɗa wanda zai ɗauki tuwon mutum huɗu, amma abin da ke tsakiyarsa ko ɗan yaye ba zai ƙosar ba. Yankan naman rago siriri, cikinsa jajir, in ka danna ruwa-ruwa na fitowa. An ɗiga masa wani koren abu na na'a-na'a mai zaƙi-zaƙi, kamar maganin tari. Gefe an dama dankalin Turawa an shafa a farantin kamar mai gwada yaɓe. Ga 'yan ƙwayoyin koren wake da za ka iya ƙirgawa, ga siraran karas da ba su dahu ba. A saman duka, an ɗora rabin tumatir gasasshe, an kafa masa ɗan ganye. Rabin tumatir! Mu da a makon nan muka bar kwanduna suna ruɓewa a bakin titi saboda kasuwa ta cika, har awaki sun ƙoshi sun daina kallonsa. Nan ga shi an raba ɗaya gida biyu, an kawo shi da rusunawa.

Yaya sai bayani yake. Wai a can an daina cika faranti, wai yanzu ido ne yake fara ci, wai naman da ya dahu sosai ya rasa daɗinsa. Yana yanka da dama yana kai wa baki da hagu, a gaban Baba. Ni yunwa da haushi sun haɗu sun cika ni.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Baba. Mutumin da in nama bai yi laushi ba a gida yake mayarwa tukunya, shi ne ya sa hannu ya ɗauki jan naman nan, ya yi bismilla, ya tauna ya tauna ya haɗiye da ƙyar. Na ga idonsa ya yi ruwa. Na sunkuya na ce masa a hankali, "Baba, ka bar shi mana."

"Kul," ya ce. "Baiwar Allah tana ta fama da baƙi haka, dole wani ya kuɓuce mata. In na bari a mayar mata, ai na kunyata ta a gaban mijinta."

Haka ya cinye ɗanyen naman nan don ya rufa wa uwargida asiri. Ya rage dankali kaɗan da rabin tumatirin, ya tura farantin gefe kamar yadda yake yi a gida, ya ce wa mai farar riga, "Ungo, a ba yara." Mutumin ya kalli Yaya, ya ɗauka ya tafi. Daga baya aka kawo wani burodi da aka jiƙa da madara da ƙwai aka gasa, wai shi ne abin rufe ciki. Cikin da ba a buɗe ba.

Da aka gama, Baba ya wanke hannu ya yi hamdala, ya shi wa mai gida albarka. Sannan ya miƙe ya ce a kai shi bakin ƙofar cikin gida ya yi wa uwargida ban-gajiya, ya kuma isar mata da gaisuwar Inna. Abokin Yaya ya fara in-ina, wai tana hutawa, wai zai faɗa mata. Baba ya ce a'a, ai ba shiga zai yi ba, daga bakin ƙofa zai ɗaga murya. Ya nufi ƙofar da ya ga abinci na fitowa ta ciki. Bai kai ba wani ya turo ta da faranti a hannu, ta buɗe gaba ɗaya. Ƙarti ne a ciki, maza zalla, da dogayen fararen huluna, suna ta gumi a gaban wuta. Ga kwandonmu a ƙasa an riga an fara ɗiba.

Baba yana tsaye yana kallo sai wata murya ta tashi daga teburin lungu.

"A'a'a! Wa nake gani haka? Malam! Yau kai ne a otal?"

Wani dillalin tumatir ne na Kura, wanda duk abin da ya gani da safe, kafin la'asar kasuwa ta ji. Ya kawo wasu masu sayen kaya daga Kudu ne don ya burge su. Ya taso yana dariya yana tafa hannu.

"Lalle duniya ta ci gaba! Ashe kai ma kana taɓawa, sai dai ka tsallake na masu tuwo ka zo na manya. Allah dai ya sa lafiya a gida?"

Baba ya kau da kai daga gare shi. Ya juyo ya kalli tebura, ya kalli mutanen da ke zaune bibbiyu, ya ga wani a can yana zaro kuɗi yana ɗorawa a ɗan faranti. Sannan ya kalli Yaya. Bai ɗaga murya ba.

"Sayarwa ake yi?"

"Baba, ai ba irin na kasuwa ba ne. Wannan wuri ne na mutunci. So nake ka ga irin..."

"Sayarwa ake yi?"

Yaya ya sunkuyar da kai.

Baba ya juya wurin abokin. "Ɗana, tumatir da albasa na ba ka, halak malak. Ƙullin nan dai za ka sa a dawo min da shi. Saƙo ne, kuma babu mai karɓarsa a nan."

Aka je aka nemo daddawar Inna a inda aka jefa ta. Ya karɓa, ya sa takalmansa, muka fito. Har muka bar Kano, muka kama hanyar gida, muka fara hango koren gonaki da ruwan kanal, ƙullin na kan cinyarsa ya dafe shi da hannu biyu. Yaya ya gwada magana, wai shi girmama Baba ya yi niyya, wai ya san in ya faɗi gaskiya ba za a zo ba. To, da ka san ba za a zo ba, ai ka san abin da kake yi ke nan. Wannan a zuciyata na faɗa.

Inna na tankaɗe a tsakar gida muka shiga. Baba ya ajiye mata ƙullin a gabanta. Ta dube shi, ta dubi fuskarsa.

"Ba ta so ne, Malam?"

"Babu mace a gidan," in ji shi. "Gara ki ji daga bakina kafin ki ji a waje."

Ta ajiye rariya. Can ta ɗauki ƙullin ta mayar ɗaki, ta dawo ta ci gaba da tankaɗenta. Dillali kuwa bai ba da kunya ba. Kafin kasuwa ta zagayo, mata sun fara tambayar Inna cikin wasa ko hannunta ne ya fara tsufa, abokan Baba kuma in ya zo wucewa sai su ce a ba Bature hanya. Wasa ne, kuma ya wuce kamar yadda wasa yake wucewa. Maganar Baba ce ba ta dawo ba. Ban ƙara jin ya faɗe ta ba, ko a gona ko a tsakar gida. In hira ta biyo ta kan abincin kasuwa sai ya kama gyaran carbinsa.

Wurin cin abincin bai yi ƙarko ba, na ji daga baya an mai da shi shagon sayar da taya, wanda a ganina ya fi amfani. Baba kuma bai taɓa yi wa Yaya faɗa a kan abin ba, bai daina zuwa gidansa a Kano ba. In an yi haihuwa yana zuwa, in yaro ba lafiya yana zuwa. Sai dai gorarsa na rataye a kafaɗa. Matar Yaya, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, za ta tuƙa tuwo mai kyau ta yi miyar kuka da man shanu, Yaya ya ɗauko da hannunsa ya durƙusa ya ajiye a gabansa.

"Baba, wannan na gida ne. Wallahi a nan aka dafa."

"Na sani," Baba zai ce. "Allah ya yi mata albarka. A ba yara."

Sai ya kwance bakin gorarsa.