Malamin Kurfi da Ya Saurare Ni

Shekarar da aka fara ɗibar mutane ɗaukar kayan Turawa, mu biyu aka ɗauka daga Tamawa, ni da aminina, wanda gonarsa ke iyaka da tamu. Muka yi kudu da akwatuna a ka. A kwana na tara gudawa ta kayar da shi, ya kasa tashi. Sojan da ke kora mu ya ce ayari ba ya jiran kowa. Na jingina shi da gindin wata ɗorawa, na ajiye masa gorata, na bi sahu. Da muka komo ta hanyar, ko takalminsa ban gani ba.

A gida na ce a hannuna ya cika, mun yi masa sutura. Aka yi addu'a aka watse. Ni kuwa ban sake komawa daidai ba. Ina cikin noma sai ƙirjina ya ɗaure, gumi ya keto mini, in yar da fartanya in zauna. Kasuwar Dutsin-Ma da ba na fashinta ta gagare ni, da na hango taro sai in juyo gida. Matata ta yi hayaƙi, ta jiƙa saiwoyi, maƙwabta suka ce iska ce. Damina guda ƙannena ne suka nome mini gona.

Kawuna ne ya kai ni Kurfi wurin wani tsohon malami. Na zaci rubutun sha kawai zan karɓo. Sai ya tura kawu ya jira a masallaci, ya saki asabarin zaure, ya ce duk abin da aka faɗa a nan, nan zai tsaya. Ya jawo igiyar ramar da yake tufkawa, ya tambaye ni yaushe abin ya fara.

Ran nan ciwon ƙirji kaɗai na ambata, bai kuwa matsa mini ba. Ya ce in riƙa zuwa duk Alhamis, tunda ba karatu. Ya koya mini in abin ya taso in zauna, in ja numfashi a hankali, ina salati har ya lafa. Ya sa ni in je bakin kasuwa, in tsaya wajen masu tukwane in juyo. Mako na gaba in kai rumfar masu gishiri.

A zuwa na biyar na faɗa masa gaskiya. Ya ɗago daga tufkarsa ya dube ni.

"Da ka tsaya, da ya rayu?"

Na ce ban sani ba, Malam.

"To, ni ma ban sani ba. Wannan sanin na Allah ne, ka bar masa. Amma akwai abin da ke hannunka. Mahaifiyarsa tana da rai?"

Sai da na yi mako uku kafin na iya shiga gidan. Na tarar da tsohuwar tana kaɗi a inuwar rumbu. Na durƙusa na ce, Inna, ƙarya na yi miki, na kwashe duka na faɗa mata. Ta yi kuka sosai, ni ma haka. Can ta share ido da bakin zane.

"Na san da wani abu, don tun da ka dawo ba ka kalli idona ba. Ɗa guda na rasa, ka sa na zama kamar na rasa biyu."

Ba zan ce na warke sarai ba. Har na tsufa abin yakan leƙo, sai dai na san yadda zan yi da shi. Damina ta gaba na koma gona, na haɗa da ta Inna na nome.

Bayan shekaru Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. Na taka har Kurfi jana'iza. A sahu na ga baƙin fuskoki da yawa, daga Shema, daga Kutawa, har da wasu Fulani daga ruga. Muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi, ba wanda ya tambayi wani yadda aka yi ya san shi.