Filayar Baba

Babanmu makanike ne, kuma shi duk abin da ke duniya inji yake ɗaukarsa. Abin da ya lalace a kwance shi, a jefar, a wuce wurin. Haka yake yi wa mota, haka yake yi wa rediyo, haka kuma yake yi wa bakin 'ya'yansa. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Baba Filaya, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. In aka kira shi da shi har wani buɗe kafaɗa yake yi.

Gajere ne kakkaura, baƙin mai ya shige ƙarƙashin faratansa har ya zama nasa. Garejinsa rumfar kwano ce a bakin titi, da rami a tsakiya, da tulin tsofaffin tayoyi, da benci mai ƙafa uku da aka tokare da mataccen batir. Shi kaɗai yake aikinsa, don babu mai iya zama da shi. Ya taɓa jifan wani mai tasi da sifana saboda mutumin ya ce anya nan ne matsalar take. Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Mutane sukan kawo mota su tsaya daga nesa, su ja bakinsu su yi shiru.

A gida ma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Akwai tsohon fambel na injin mota rataye a bayan ƙofa, shi ne alƙalin gidanmu. Ka fasa kofi, fambel. Ka dawo a makare, fambel. Ka yi kuka bayan fambel, a ƙara maka. Amma Baba bai iya kwana da fushi ba, bai kuma iya cewa yi haƙuri ba. Sai da yamma ya dawo, ya tsaya bakin ƙofa yana gyaran murya, ya cusa hannu a aljihun rigar aikinsa ya fito da alewa. Wanda ya fi shan duka shi ke samun kaso mai tsoka. Haka muke barci, bayanmu na raɗaɗi, alewa na narkewa a kumatu. Buroshi kuwa a gidanmu ɗaya ne, na ƙarfe, na kankare tsatsa.

To ina haƙori zai kai labari? Kafin mu yi wayo duk turamenmu sun yi kogo. In ciwo ya tashi, Baba yakan fara da abin da yake kira maganin farko: ya tsoma auduga a ruwan batir ya danna a ramin. Wanda bai ɗanɗana ba kada Allah ya nuna masa. Dasashi ya ƙone ya yi fari fat, harshe ya saluɓe, ka wuni kana zubar da yawu. In wannan bai yi ba, sai gareji.

A nan aikin Inna yake. Mahaifiyarmu mace ce doguwa marar magana. Ita za ta zauna a bencin nan, ta sa kan yaro tsakanin gwiwoyinta ta matse, ta riƙe haɓa. Baba ya goge filaya a cinyar wandonsa, ya tsoma ta a fetur wai don tsabta, ya sa babban yatsa ya ɓare baki. Har yau in na ji warin fetur sai muƙamuƙina ya amsa. Haƙorina na farko bai fita gaba ɗaya ba, karyewa ya yi, na ji ƙas a cikin kaina. Ya koma ya tono sauran da bakin sukundireba. Fuskata ta kumbura har idona ya rufe, na yi zazzaɓin da aka fara cire rai da ni. Da na tashi, alewa ya kawo mini, leda guda.

Inna ma ba ta tsira ba. Haƙoranta na ciki filaya ta ci, na gaban biyu kuwa ba filaya ba ce, dunƙulen hannu ne, ranar da ta ce a kai yayanmu asibiti. Tun daga nan in dariya ta kama ta sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Na girma ban san yadda dariyar uwata take ba. Ina son Baba, ina tsoronsa, akwai kuma ranakun da na tsane shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Da na yi aure na haifi 'ya mace, sai na rantse bakinta ba zai ga abin da nawa ya gani ba. Ni tela ce, ina da ɗan shago, maigidana direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya. Don haka doka a hannuna take. Buroshi safe, buroshi kafin barci, man goge baki ɗan ɗigo, kayan zaƙi sai bayan abinci kuma a kuskure baki. Maƙwabta har tsokanata suke yi, wai uwar buroshi. Nakan buɗe musu bakina su leƙa, daga nan zancen ya mutu.

Abin da ban yi zato ba shi ne yadda Baba zai mutu a kan yarinyar nan. Amarya yake kiranta, har sunan ya bi ta. Ita kaɗai ce mahaluƙin da bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Ta hau cinyarsa, ta ja masa gemu, ta ce, "Angon nan ya tsufa, ga warin mai, ni na fasa." Shi kuma ya ce, "Ke da ko shayi ba ki iya dafawa ba, wa zai kwashe ki in ba ni ba?" Sai ta ƙyalƙyale, haƙora a waje reras, shi kuma ya zauna yana kallonta kamar an ba shi kyautar sabuwar mota. Makarantarsu kusa da gidan su Inna take, can take wuni in an tashi. Aljihun Baba kuwa bai taɓa rabuwa da alewa ba. Ina can ina tsare ƙofar gaba, ashe ta baya ake shigowa.

Tana tsakiyar famfara, na gaba suna zuba suna fitowa, sai wani na can ƙurya ya fara ciwo. Na kai ta wurin likitar haƙori. Ta haska, ta kira ni ta nuna mini.

"Kin ga wannan turmin na ƙarshe? Mutane da yawa suna ɗauka na yarinta ne, saboda yana fitowa tun yaro bai gama famfara ba. Ba na yarinta ba ne. Ya fito ke nan. In aka cire shi, babu wani a bayansa."

Ta ce ramin bai yi nisa ba, za a iya cikewa. Ta ba mu magani, ta ce mu dawo in kumburin ya saɓe.

Da yamma na je na faɗa wa Baba, na roƙe shi ya bar ba ta alewa. Yana wanke hannu da omo, ko ɗagowa bai yi ba.

"Haƙorin yaro ne za a yi wa faci kamar taya? Cirewa ake yi, wani ya fito. Ku duka na cire muku."

"Baba, ga nawa nan," na ce, na buɗe masa baki. "Har yau jira nake su fito."

Marin da ya ɗauke ni da shi sai da na dafa bango. Da aurena, da 'yata, kumfar omo a kuncina. Na ja hannun Amarya muka tafi, na ce ta bar wuni a gidan nan sai an gama aikin haƙorin.

Ban san Baba ba ne da na ɗauka magana ta ƙare. Ana gobe za mu koma wurin likita, da rana tsaka ina kan keke ina ɗinki, wayata ta yi ƙara. Inna ce, wadda ba ta taɓa kirana ba sai dai in kira ta. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Babanku ya je makaranta ya ɗauko yarinyar. Ya aiko in zo gareji in riƙe masa. Ki zo."

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tare mai babur, duk hanya ina dukan bayansa ya ƙara wuta.

Abin da na tarar shi ne abin da na sani tun ina ƙarama. Inna a kan benci, kan Amarya tsakanin gwiwoyinta, kayan makaranta a jikinta, jan alewa a leɓenta, tana kuka tana shure-shure. Baba ya tsuguna, filaya na ɗigar fetur, yana lallashinta. "Haba Amaryata, yanzu-yanzu za a gama. Ciwon zai tafi."

Na kama hannunsa da hannuwana biyu. Ya yarfar da ni kamar tsumma. Na faɗa kan tayoyi, goshina ya bugi bakin wani ƙarfe, jini ya rufe mini ido ɗaya. Kafin in miƙe ya sa yatsa ya ɓare bakin yarinyar, filaya ta doshi ciki.

Sai Inna ta saki haɓar, ta shimfiɗa tafin hannunta ta rufe bakin Amarya.

Baba ya tsaya. "Cire hannunki."

"Ba zan cire ba, Malam."

Ina jin tun da aka kawo ta gidansa bai taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba. Ya sake faɗa, ta sake ba shi amsa iri ɗaya. Sai ya kama ɗan yatsanta na tsakiya da filaya, ya fara matsawa, yana kallon idonta, yana jira ta janye. Ba ta janye ba. Ya ƙara. Na ji ƙarar nan da na sani, ƙas, wannan karon a hannun uwata. Gumi ya keto mata, amma hannun bai motsa ba. Ya saki filaya ya kai mata bayan hannu a fuska, mayafinta ya faɗi. Maimakon ta kare kanta, sai ta duƙa ta lulluɓe yarinyar da jikinta. Ya dunƙule hannu ya sauke mata a gadon baya, ya ƙara, ya ƙara, ina rataye a wuyansa ina ihu.

Daga ƙarƙashin dukan, Inna ta ɗago. Bakinta a buɗe, giɓin nan duk a waje, ba ta rufe ba.

"'Ya'yana duka na riƙe maka, Malam. Ɗaya bayan ɗaya na matse su a nan suna kiran sunana. Wannan kam sai dai ka kashe ni."

Mutane sun riga sun taru a bakin rumfa, babu wanda ya iya shigowa. Baba ya dube su, ya dubi Inna, ya dubi jinin da ke fuskata. Sannan idonsa ya sauka kan Amarya, wadda ke leƙensa ta ƙarƙashin hammatar kakarta. Ina jin a lokacin ne ya gane abin da ta gani.

"Wai duk a kan haƙori?" ya ce. "Haƙori ɗaya? Amarya, dubi nan. Ba komai ba ne, kalli."

Ya ɗauki filaya daga ƙasa, da ƙurarta da komai, ya cusa a bakinsa. Ya kama wani turmi lafiyayye, ya murɗa hagu, ya murɗa dama, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ya fizge. Jini ya biyo gemunsa ya sauka kan riga. Ya miƙa mata haƙorin a bakin filaya, yana murmushi da jan baki, hawaye na zuba.

"Kin gani? Babu zafi."

Ihun da yarinyar ta yi har yau yana kunnena. Na fizgo ta, na saɓa a kafaɗa, na kamo Inna da ɗaya hannun, muka ratsa mutane muka fita. Muka bar shi tsugune da haƙorinsa.

Washegari likita ta cike ramin haƙorin Amarya, aikin da bai kai a sha shayi a tashi ba. Haƙorin yana nan har gobe, da shi take tauna. Yatsan Inna ya warke a karkace, ba ya lanƙwasuwa, takan ce shi ne ya fi sauran kyau. Baba bai zama waliyyi ba, ya ci gaba da jifan masu tasi, amma filaya ba ta sake shiga bakin mutum ba, fambel ɗin bayan ƙofa kuma wata rana aka wayi gari babu shi.

Sai dai Amarya ta daina hawa cinyarsa. Yarinya mai dariya kamar an kunna famfo, da zarar ta ji gyaran muryarsa a bakin ƙofa sai ta ɗora hannu a baki, irin yadda Inna ke yi da mayafi. Babu wanda ya koya mata. Ya yi tsokana, ya yi waƙa, ya kawo 'yar tsana, ya ce ya sake ta zai auri wata. Takan gaishe shi da ladabi, ta bayan yatsunta. Shekaru suka tafi a haka, ta zama budurwa, hannun bai sauka ba.

A ciwonsa na ƙarshe muka je duba shi a asibiti. Ya rame, hannuwan nan sun yi fari, baƙin mai ya fita daga faratansa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Amarya, buɗe in ga haƙorin nan da aka yi yaƙi a kansa."

Ta dube ni, ta dubi Inna. Na ga tana so, wallahi na ga tana ƙoƙari. Hannun ya ɗan yi ƙasa, sai ya koma.

"Sannu, Kaka," ta ce ta bayan yatsu. "Allah ya ba ka lafiya."

Baba ya gyaɗa kai. Ya kai hannu gefen ƙirjinsa yana lalube, inda ya saba samun abin ba da haƙuri, amma rigar asibiti ba ta da aljihu.