Na yanka farar motar yayana

Ni makaniki ne a Dogon Dutsi, kuma sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. A lokacin da abin nan ya faru, gani nake ba wanda zai gaya mini darajar mota. A wurina mota ko dai ta yi gudu, ko ta ɗauki kaya.

Yayana ya daɗe yana aiki a Kwatano, ya dawo gida da tsofaffin motocin Japan guda biyu masu ƙofa bibbiyu, ja da fara. Jar mun sake mata inji da fenti, in ta hau kwalta ba a ganin ƙurarta. Farar kuwa bai taɓa bari an kwance mata ko ƙusa ɗaya ba, kujerunta da fentinta duk na asali ne. Da ciwo ya tsananta masa ya kira ni, ya ce jar ta hawa ce, farar ta ajiya ce, in riƙe wa ɗansa ita har ya gama lakwal, wato makarantar boko. Na amsa da to, amma a zuciyata na ɗauka zancen mara lafiya ne.

Bayan rasuwarsa farar ta zauna ƙarƙashin rumfa, kaji suna ƙwai a gindinta. Abokan garaji suka riƙa yi mini ba'a, wai na ajiye amarya mai lalle ba ta daka ba ta ɗebo ruwa. Wata kaka na rasa abin kwaso hatsina daga Gecheme. Na auna motocin biyu, na ga jar ta fi gudu, ita ce abin tattali. Sai na sa mai walda ya yanke bayan farar, muka ɗaga ta saboda rairayi, muka yi mata akwatin kaya.

Da yaron ya gama karatu ya zo da wani Alhaji daga Yamai mai tara irin waɗannan motoci. Mutumin ko leƙa jar bai yi ba, ya ce wadda aka sake wa inji ana samunta ko'ina, wadda hannu bai taɓa ba yake nema. Muna tsaye sai ga farar ta shigo da dammunan hatsi har sama. Yaron ya daɗe yana kallonta. Bai yi mini faɗa ba, sannu da aiki kawai ya ce da ni, ya kira ni Baba kamar kullum, ya ce a kujerar nan mahaifinsa yake zaunar da shi yana ƙarami.

Har yau yana gaishe ni da salla, amma bai sake kwana gidana ba. Na gaji da neman abin da zan ce masa. 'Yan'uwa, in aka ba ku ajiya, kada ku auna ta da mudunku. Mai ita ya san abin da ya sa ya ce a ajiye. Farar tana nan tana jidar hatsi, kuma ban ƙara tuƙa ta da hannuna ba.